Karyata tana da ciki, 'ya'yanta na bara sun mutu: yaya zan yi wannan karon?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a bayan garin Zariya, ina da karya mai yi mini gadi, ruwa biyu ce, uwarta Alseshan ubanta karen gida. Shekararta biyu da rabi. Bara da hunturu ta haifi 'ya'ya 7, uku suka mutu tun makon farko. Sauran na raba wa mutane suna da wata guda, daga baya aka ce mini biyu sun mutu da zawo mai jini. Yanzu tana da cikin kusan mako 5, haihuwar za ta faɗo a Disamba. Tuwo da ragowar abincin gida muke ba ta. Me zan yi kada a sake maimaita na bara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Yadda ka bayyana abin, mutuwa iri biyu ce ta same ka bara, kuma kowace da dalilinta. Ukun da suka tafi a makon farko, da wuya a ce wata cuta ce ta kashe su. Sanyi da yunwa ne suka fi kashe kwikwiyo a wannan lokaci, balle a hunturun Zariya, kuma uwar da tuwo kaɗai take ci ba ta da nonon da zai ishi bakuna 7. Biyun da suka mutu a hannun mutane kuwa, an cire su daga nono da wuri, ba a ba su maganin tsutsa ba, ba a yi musu rigakafi ba, sai tsutsar ciki ko cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, ta same su ba kariya. Duka biyun ana iya tare su, kuma yawancin aikin a kan uwar yake. Cikin karya kwana 63 ne, yakan ragu ko ya ƙaru da 'yan kwanaki, don haka kana da kusan wata guda a hannu. Ya isa, in ka fara yau.

Mu fara da kwanonta. Tuwo yana cika ciki, yana ba da ƙarfi na yini, amma ba ya gina jikin 'ya'ya ba ya kawo nono. A makonni 5 na farkon ciki karya ba ta buƙatar ƙarin abinci sosai, domin 'ya'yan ba su yi girma ba. Daga mako na 6 ne suke yin mafi yawan girmansu, nan ne za ka riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan duk mako, har ya zama ranar haihuwa tana cin abin da ya ɗara na da da kashi ɗaya cikin uku ko ma rabi. Kada ka tula mata shi lokaci guda, ciki ya matse tumbinta. Raba shi sau uku ko huɗu a yini.

In aljihu zai ɗauka, buhun abincin kwiyakwiyai na kamfani shi ne mafi sauƙi, ita uwar za ta ci shi tun yanzu har zuwa yaye, 'ya'yan ma da shi za su fara. Amma na san tsadarsa, kuma mafi yawan masu kare a nan ba su dogara da shi ba. Na gida ma yana yi in an haɗa shi da hankali. A tukunya, kamar rabi ya zama shinkafa ko garin masara ko dawa da aka dafa ya nuna lugub. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku ya zama abin da ya fito daga dabba: tumbi, huhu, zuciya, yankakken nama daga wurin mahauta, kan kaji da ƙafafunsu da aka dafa aka niƙa, dafaffen ƙwai, kifi. Sauran a cika da kabewa, karas, alayyafo ko dankalin Hausa, a zuba cokalin man gyaɗa. Hanta tana da amfani ƙwarai amma kaɗan, sau biyu a mako ya wadatar. Ƙananan busassun kifin nan masu arha, in aka daka su da ƙayarsu suka zama gari, suna ba da abin gina ƙashi wanda tuwo da tsoka ba su da shi, kuma shi ne abin da ya fi ƙaranci a abincin karnukanmu. Kwiyakwiyan manyan karnuka da ake kawowa ƙafafunsu sun gwame, ko ƙashinsu ya karye daga ɗan tsalle, kusan kullum in ka bincika tuwo da tsoka zalla aka raine su da shi.

Kayan ciki kuwa a dafa su. Huhu ko hantar rago da raƙumi da za ka ga ƙulli mai ruwa a jiki, wanda mahauci yakan yanke ya jefa wa kare, ɗanyensa yana sa wa kare wata tsutsa da ƙwanta ke fita a kashinsa, ya koma ga mutane ya yi musu irin wannan ƙulli a hanta ko huhu. Dafuwa tana kashe ta.

Ragowar abincin gida ba laifi ba ne in an tsince shi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ɗanye ko dafaffe, kuma miyarmu ba ta rabo da albasa, shi ya sa bai kamata miya ta zama mahaɗin abincinta na kullum ba. Ƙashin kaza da aka dafa ko aka soya yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a wuya ko ya huda hanji. Cakulan, goro da zabibi a nisanta su da ita. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna, wanda ake cewa ai a ba kare, gubar da ke cikinsa hanta take kamawa, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabanta dare da rana.

Akwai abubuwa uku da nake roƙonka kada ka yi mata yanzu, duk da za a ba ka shawarar yin su. Kada a ba ta ƙwayoyi ko allurar kalsiyam, wato sinadarin gina ƙashi, kafin ta haihu, wai don 'ya'ya su yi ƙarfi. Yin haka yana sa jikinta ya saki aikin jawo kalsiyam daga ƙashinta, sai bayan haihuwa nono ya ja da yawa ta faɗi tana makyarkyata. Kada a ɗura mata albendazol ɗin awaki, yana iya nakasa 'ya'yan da ke ciki; maganin tsutsa tana buƙatarsa, amma likita ne zai zaɓi wanda ya dace da mai ciki ya auna shi da nauyinta. Sannan allurar rigakafin fabo da sauran cututtukan da ake haɗawa a kwalba ɗaya, kafin barbara ake yin ta. In ba a yi mata ba, a bari sai ta yaye. Wannan yana nufin 'ya'yanta za su iya zuwa da ƙarancin kariya, don haka za ka ƙara tsananta tsaro a kansu.

Saura kamar kwana 10 a haihu, ka nuna mata inda za ta haihu, in ba haka ba ita za ta zaɓa, ta tona rami a bayan itacen girki ko ƙarƙashin mota. Ɗaki ko shago mai daɓen siminti, inda iska ba ta bugowa, kaji da yara ba sa shiga. A wanke daɓen da ruwan bilic, murfi ɗaya a cikin murfi 30 na ruwa, a bar shi ya bushe. A kewaye wani lungu da katako ko bulo, faɗin da za ta miƙe sosai, tsayin da ita za ta tsallake 'ya'yan ba za su iya ba. A shimfiɗa kwali a ƙasa, a ɗora tsofaffin zannuwa ko buhun algarara, ana canzawa in sun jiƙe. A duba kada akwai ramin kwarkwasa ko cinnaku a kusa, domin suna iya gamawa da jarirai a dare ɗaya.

In ka sayi ma'aunin zafi na kemis, ka riƙa auna ta ta dubura safe da yamma a makon ƙarshe. Zafin jikin kare yana tsakanin digiri 38 da 39. Ranar da ka ga ya sauko kusan 37, cikin awa 24 naƙuda za ta kama. Za ta ƙi abinci, ta yi ta haki, tana tonon shimfiɗa, tana shiga tana fita. Wannan yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, ba abin tashin hankali ba ne. In ta fara yunƙuri, 'ya'yan suna fitowa tsakanin rabin awa zuwa awa guda, wani lokaci ta huta tsakani. Wanda ya zo ta ƙafa ba matsala ba ne a kare. Ita za ta yage jakar, ta ciji cibiya, ta lashe shi har ya yi kuka. Naka shi ne ka zauna nesa kaɗan, shiru, mutum ɗaya da ta saba da shi. In ta haifi wani ta bar shi cikin jaka ta juya kan wani, ka yage jakar daga fuska, ka share hanci da baki, ka murza shi da busasshen tsumma har ya motsa. In sai ka yanke cibiya, ka ɗaure da zare kamar faɗin yatsa biyu daga ciki, ka yanke da sabuwar reza, ka shafa aidin. Ka riƙa ƙirga mabiyiya, kowane ɗa da tasa.

Alamun da za su sa ka ɗauke ta zuwa asibitin dabbobi ba jira: ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito, an wuce awa 3 ko 4 tun na ƙarshe kuma kana jin akwai saura, koren ruwa ya zubo alhali ba a haifi ko ɗaya ba, jini yana zuba sosai. A irin wannan hali wasu sukan ruga kemis su sayo allurar naƙuda su tsira mata. In ɗa ya gicciye a hanya, wannan allura mahaifa take fasawa, a rasa uwa da 'ya'ya. Kai da kake Zariya kana kusa da asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu. Ka nemi lambar likita ɗaya tun yanzu, ka kai ta ya gan ta kafin ranar.

Yanzu ga wurin da ka yi asara bara, nan zan fi daɗewa. Kwikwiyo yana zuwa duniya ido a rufe, kunne a toshe, kuma jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa sai ya kai kusan mako 3. A makon farko yana son wurin kwanciyarsa ya kasance da ɗumin digiri 29 zuwa 32, alhali daren Disamba da Janairu a Zariya yana sauka ƙasa da 15. In uwa ta tashi zagayen gadi ta bar su a kan siminti, awa ɗaya ta isa sanyi ya kama ƙaraminsu. Wanda sanyi ya kama ba ya iya tsotso, cikinsa ma ba ya narkar da nono, daga nan yunwa ta biyo, uwar kuma in ta ji shi da sanyi sai ta ture shi gefe. Mutane su ce ta ƙi shi ne, ko dama ba mai rayuwa ba ne. Don haka a makonni biyun farko ka sauke mata aikin gadi gaba ɗaya. A rufe taga da dare. A cika robar ruwa da ruwan ɗumi, a naɗe da tsumma, a ajiye a gefe ɗaya na shimfiɗar, yadda wanda ya ji zafi zai iya jan jiki ya matsa. Kada a shigar da kurfoti ɗaki a rufe, hayaƙin gawayi yana kashe su har da uwar.

Nonon farko, dakashi, shi ne rigakafinsu na farko, kuma hanjinsu yana karɓar kariyar da ke cikinsa ne a yinin farko kawai, bayan awa 24 ƙofar ta rufe. Ka tabbata kowane ɗaya ya kama nono a awannin farko. Ƙanana ka ɗora su a nonuwan baya, na kusa da cinya, sun fi ruwa, ka riƙe manyan a kwando na ɗan lokaci.

Ka koyi kallon su. Lafiyayyun jarirai suna kwance a cure wuri ɗaya, ciki a cike, suna barci suna ɗan zabura, in ka ɗauki ɗaya za ka ji shi da ɗumi da tauri, yana mutsu-mutsu a tafin hannunka. Wanda ke cikin matsala yana can gefe shi kaɗai, yana wani siririn kuka ba tsayawa, in ka ɗaga shi ya yi laƙwas, in ka sa ɗan yatsa a bakinsa ka ji sanyi kuma ba ya tsotsa. Wannan kada ka fara da ɗura masa madara. Ka sa shi cikin rigarka ya manne da fatar jikinka, ya ɗumama a hankali cikin awa ɗaya ko biyu, ka shafa masa ɗigon ruwan sukari a dasashi, sai ya fara motsi da neman tsotso sannan ka maida shi kan nono. Ƙaramin sikelin kicin yana taimakawa ƙwarai: a auna kowane ɗaya kullum a rubuta. Ya kamata nauyi ya riƙa hawa kullum, ya ninka cikin kwana 10 ko kusa da haka. Wanda ya kwana biyu bai ƙaru ba, shi ne za ka taimaka wa tun bai kai ga kwanciya ba.

In nono bai isa ba, madarar kwiyakwiyai ta gwangwani ita ce daidai. Madarar shanu ita kaɗai ta yi tsinkewa, ba ta kai nonon karya maiƙo ba, kuma tana sa su zawo. In ba a samu ta gwangwanin ba, a tafasa kofi ɗaya na madarar akuya ko ta shanu, a bari ta huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya ko biyu da ƙaramin cokali na man gyaɗa. A makon farko kwikwiyo yana shan kamar mil 15 a kan kowane giram 100 na nauyinsa a yini, a raba duk bayan awa 2 ko 3, har da dare. A ba shi yana kife a kan cikinsa kamar yadda yake shan nono, da ƙaramar fida ko sirinji a ɗiga a hankali. In aka kwantar da shi rigingine madara ta bi hanyar numfashi, huhu ya kamu. Jarirai ba sa fitsari da kashi sai uwa ta lashe su, don haka wanda kake raino da hannu ka goga masa tsumma mai ɗumi a ƙasan ciki bayan kowane ci.

Ita kuma uwar, a mako na 3 da na 4 na shayarwa tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abincinta na da. A nan kada ka auna mata, duk abin da ta iya ci a ba ta. Ka riƙa taɓa nonuwanta. Wanda ya yi tauri, ya yi ja da zafi, ko yake fitar da ruwa mai launi, yana son magani da wuri. Ɗan ruwa ja-ja marar wari yana iya zuba daga bayanta har 'yan makonni, amma mai ɗoyi tare da zazzaɓi da ƙin abinci alamar mahaifa ta kamu ne. In kuwa ta fara haki, tana tafiya ƙafafu a sandare, jiki na rawa, kalsiyam ne ya faɗi, a janye 'ya'yan a kai ta likita a daren. Kada a ba ta farasitamol ko ibufurofen ko daikulofenak na mutane, suna ƙona wa kare ciki da hanta da ƙoda.

Idanunsu suna buɗewa tsakanin kwana 10 da 14, kada a ɓare musu. A daidai nan ake fara maganin tsutsa: mako 2, 4, 6 da 8, sannan duk wata har su kai wata 6, uwar ma ana ba ta tare da su. Kusan duk kwikwiyo da tsutsa ake haifarsa, domin wata tana ratsawa tun yana ciki, wata ta bi ta nono. Mai shan jinin hanji ita ce mugu. Ka ɗaga leɓen kwikwiyo ka dubi dasashinsa: ja-ja ya kamata ya zama. In ka gan shi fari fat, ga ciki ya kumbura, kashi baƙi kamar kwalta, jininsa ne ke ƙarewa. Maganin ruwa mai suna firantel shi aka fi ba jarirai, ana auna shi da nauyi. A riƙa kwashe kashinsu kullum, yara su wanke hannu bayan wasa da su, kuma kada ƙananan yara su yi wasan ƙasa inda karnuka ke kashi, ƙwan tsutsar yana shiga mutum.

Kaska da ƙuma a cire su da hannu a wannan lokaci, a wanke shimfiɗa, a yi feshin bango da tsagogin daɓe lokacin da aka fitar da su. Abin da ya fi ɓata mini rai a aikin nan shi ne kwikwiyon da aka yi wa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona, ko aka shafe shi da baƙin mai don ƙazuwa, a kawo shi yana dalala yana shure-shure. Ko maganin wankan kaska na shanu ya yi wa jarirai ƙarfi. In wata haihuwar ta faɗo da damina, ka lura da ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya a ciki da tafin ƙafa. Tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa. A toshe ramin da basilin, in ta leƙo neman iska a matse ta fito ɗungurungum, a wanke wurin.

Daga mako 3 zuwa 4 haƙora sun fito, sai a fara nuna musu abinci a faranti mai faɗi: kunun shinkafa ko na masara mai kauri da aka dama da dafaffen ƙwai da garin kifi ko niƙaƙƙen nama, ko abincin kamfani da aka jiƙa da ruwan ɗumi. Za su taka shi su yi wanka da shi kafin su gane na ci ne. Sau huɗu a yini, ana rage ruwan a hankali, nono yana ci gaba har mako 6 ko 7, uwar da kanta za ta fara gudunsu.

Batun raba su da wata guda, a nan ne zan tsaya maka da ƙarfi: kada ko ɗaya ya bar gidanka kafin mako 8. Na san masu so suna matsawa, suna cewa gara su ɗauke shi ƙarami ya saba da su, masu sayarwa kuma suna gudun kuɗin ciyarwa. Amma ɗan wata guda hanjinsa bai gama ƙwari ba, kariyar da ya samu daga dakashi ta fara raguwa, tasa kuma ba ta zo ba. A makonnin nan ne kuma yake koyon zama da 'yan'uwansa: in ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi aka yi ƙara aka daina wasa da shi, in ya matsa wa uwa ta yi masa gurnani. Wanda bai sami wannan tarbiyya ba shi ne yake tashi matsoraci mai saurin cizo.

Rigakafin farko ana yin sa a mako 6 zuwa 8, allura ɗaya da ta haɗa fabo da distemfa da ciwon hanta da wasu, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4, ta ƙarshe ta kasance sun kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne, kariyar uwa da ta rage a jininsu tana iya kashe allurar kafin ta yi aiki, kuma ba a san ranar da za ta ƙare a jikin kowane ɗa ba. Allura ɗaya ba ta gama aiki ba. Maganin yana lalacewa in ya bar sanyi, ga halin wutarmu, don haka ka je inda kake ganin an ciro shi daga firji ko kula mai ƙanƙara, a manna takardar kwalbar a katin kwikwiyon. Fabo ta bayyana a duniya a 1978, yau babu garin da ba ta kai ba. Tana farawa da ƙin abinci da amai, sai zawo mai jini mai wani irin ƙarni, cikin kwana biyu ko uku ruwan jiki ya ƙare. Ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye, ƙarin ruwa da jinya ne ke ceton wanda aka kai da wuri. Ƙwayarta tana yin watanni a ƙasa, tana bin takalmi da hannu da tayar babur, kuma jinin Alseshan da Rotwaila sun fi saurin faɗuwa da ita. Saboda haka masu zuwa kallon 'ya'ya su tsaya daga ƙofa, musamman wanda ya fito daga gidan wasu karnukan. Wanda za ka ba kwikwiyo kuma ka tambaye shi ko wani ya taɓa mutuwa da zawo a gidansa cikin shekarar nan. In haka ne, ya jira sai an kammala allurai.

Allurar haukan kare tana zuwa a wata 3, a sabunta duk shekara, uwar ma haka. Wannan ba don karen kaɗai ba ne, don iyalinka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. In alamunta suka bayyana a jikin mutum ba a tashi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan allura, kuma a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan sami wuraren da ake yin ta kyauta. In kare ya ciji wani, ko da kwikwiyo ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, kada a kashe shi ko a sayar don a huta da magana.

Tunda don gadi ake neman irin 'ya'yan karyarka, ka gaya wa masu karɓa cewa barkono a abinci da kulle kare a keji ko a sarƙa dare da rana ba sa sa shi iya gadi. Abin da suke haifarwa shi ne karen da bai san bambancin ɓarawo da almajiri ko ɗan maƙwabci ba. Tsakanin mako 3 da 12 ne kwikwiyo yake sanin waye nasa: a riƙa ɗaukarsa, ya ga matan gida da yara, ya saba da kaji da awaki da ƙarar janareta. Gadi yana cikin jininsa, zai fito da kansa in ya girma. Yanke kunne da wutsiya da reza kuwa azaba ce kawai, ba ya ƙara masa komai. Malamai sun yi bayanin halaccin ajiye kare don tsaro da kiwo da farauta, kuma dabbar da mutum ya tsare, cinta da shanta da inuwarta suna wuyansa. Kada kunyar a gan ka da kare a asibiti ta hana ka kai shi.

Karyarka ta yi ciki biyu kafin ta cika shekara 3, na farkon ma da ƙuruciya. Bayan wannan ka bar ta ta huta, a tsallake zagayen barbara ɗaya aƙalla. Za ta sake neman barbara 'yan watanni bayan yaye, za ka ga gabanta ya kumbura yana ɗigar jini, kuma sai ka tsare ta kusan mako 3 cur, domin karnukan unguwa katanga ba ta hana su. Barbarar titi tana kawo wani tsiro mai zubar jini a al'aura wanda suke ɗauka daga juna, kodayake yana jin allura in an kai da wuri. In ka tarar sun riga sun manne, a bar su su rabu da kansu, yakan ɗauki har rabin awa, jifa da duka rauni kawai suke ji musu. Allurar hana ɗaukar ciki ta mata da wasu ke yi wa karnuka tana tara ruɓa a mahaifa, kada ka yarda da ita. In ka ga ba ka da masu karɓar 'ya'ya nan gaba, aikin cire mahaifa sau ɗaya ake yi, kamar wata biyu ko uku bayan yaye, kuma ba ya rage mata gadi ko kaɗan.